JAKIN TALAKA ZA A ƘARE SHI DON FATARSA

Jama'a, 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau maganar jaki muke so mu yi, kada kowa ya yi dariya. Mai kuɗi yana da mota, sarki yana da doki, mu kuwa jaki ne motarmu. Shi ke kai taki gona, shi ke kawo damin gero gida, shi ke ɗauko itace da yashi da ruwa, kuma da shi mangalar ƙauye ke isa kasuwa ranar ci. To, wannan bawan Allah ne ake neman ƙarewa.

Ga yadda abin yake. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki har ta narke ta zama danƙo, ana yin wani maganin gargajiya mai tsada da ita, sunansa ejiao. A shekarar 1990 jakunan ƙasar Sin sun kai miliyan 11, amma zuwa 2021 ba su cika miliyan 2 ba. Da nasu suka yi ƙaranci sai fataken fata suka juyo Afirka. Jaka kuwa shekara guda take yi da ciki, ta haifi ɗa ɗaya tak. Ina haihuwa za ta cim ma wuƙa?

Maƙwabtanmu sun riga mu farkawa. A 2015 jakuna 27,000 aka fitar daga Nijar, amma a 2016 kafin shekara ta ƙare sun kai 80,000, sai gwamnatinsu ta hana fitar da su. Burkina Faso ma ta hana a wannan shekara. Kana a watan Fabrairu na 2024 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Addis Ababa, suka amince a hana yanka jaki don fatarsa a Afirka duka. Madalla. Amma doka a takarda ba ta tsayar da mota a hanya, sai da mutane masu tsare ta.

Ku dubi wahalar da dabbar nan ke sha. Mai sayen saniya yana so ta isa da ƙiba, don haka yana ba ta ruwa da ciyawa. Mai sayen jaki don fata ba ruwansa da ƙiba ko rama. Sai a cusa su a babbar mota kamar buhuna, a yi kwanaki ana tafiya cikin rana ba ci ba sha, wanda ya faɗi a tattake shi, in ya mutu ma fatarsa tana nan. Assha! Naman kuma da aka feɗe ba likitan dabbobi a wurin, wa ya san cikin tukunyar wa zai ƙare?

Wani zai ce ai jakinsa ne, kuma an taya da daraja. Gaskiya ne, amma kallon kitse ake yi wa rogo. Kuɗin za su ƙare cikin wata guda, ranar da ya koma kara neman wani kuwa sai ya tarar farashi ya fi ƙarfinsa. Daga nan tulu da itace su koma kan matarsa da 'yarsa, yarinya ta bar makaranta ta zama jakar gida.

Har wa yau, ba mu da bakin zargin baƙo muddin mu ma muna zaluntar namu. Sau nawa muke ganin jaki da gyambo a baya, an ɗora masa akumari a kan ciwon, an labta masa kayan jaki biyu, ana bin sa da sanda? Mu da muka san zafin a yi aiki da mutum a hana shi hakkinsa, bai kamata mu yi wa na ƙasa da mu haka ba.

Saboda haka muna kira. Dillalai, ku san wanda kuke sayar wa, la'adar yau kada ta kashe kasuwar gobe. Sarakunan kasuwa da 'yan kwastan da ma'aikatan dabbobi, ku tsare dokar nan a kara da kan iyaka. Masu jakuna, ku rage kaya, ku wanke ciwo, ku ba shi ruwa da inuwa da tsakar rana, ku ajiye sanda. Wanda ya ɗauke mana kaya tun zamanin kakanni ya ci a tausaya masa. Allah ya sa mu gane.