Murya, bidiyo da kuɗi a kan igiya ɗaya: wa ke da ikon yanke ta?

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan igiyoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Cikin 'yan sa'o'i tura kuɗi ya gagara a manhajojin bankuna da dama a Najeriya, kiran WhatsApp ya riƙa yankewa, masu neman abinci ta intanet suka zauna jugum. Ranar ta tona wani sauyi da ya daɗe yana tafiya ba tare da muhawara ba: murya da bidiyo da saƙo da ciniki duk sun koma bin hanya ɗaya.

A da kowanne da turbarsa. Kiran waya yana da layin da ake keɓe masa daga sallama har bankwana, rediyo da talabijin kuma suna da nasu zangon. Sabon tsarin yana daddatsa komai zuwa ƙananan ƙunshin bayanai, ya tura su ta intanet, a sake harhaɗa su a wayar mai karɓa. A kan 4G babu tsohon layin kira. Muryar ma data ce, ana ɗaukar ta da fasahar VoLTE, wadda ke ba ta fifiko a kan sauran bayanai don kada magana ta sarƙe. Wayar da ba ta da wannan fasaha sai ta sauka zuwa 2G ko 3G duk lokacin da kira ya shigo.

Ribar kamfanoni a bayyane take, domin kula da hanya ɗaya ya fi kula da uku arha. Shi ya sa manyan kamfanonin Amurka suka rufe 3G a 2022. Najeriya ma ta kama wannan hanya: a Disambar 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6 kowanne, daga baya Airtel ya bi sahu.

Sai dai idan komai ya taru a igiya ɗaya, wanda ke da ikon yanke ta ya riƙe maƙogwaron jama'a. A Satumbar 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su katse sadarwa a Jihar Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, da nufin karya lagon 'yan bindiga, matakin da ya bazu zuwa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Tare da 'yan bindigar aka katse mai POS da ɗan jarida da wanda ke neman ɗauki cikin dare. A shekarar ce kuma aka dakatar da Twitter na wata bakwai, abin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa doka.

Dokokinmu sun girmi wannan zamani. Dokar da NCC ke aiki da ita ta 2003 ce, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuwa an kafa ta tun 1992. To, bidiyon da matashi ke watsawa kai tsaye daga wayarsa, sadarwa ce ko watsa shirye-shirye? Gwamnati ta taɓa nuna inda ta karkata a Yunin 2021, lokacin da ta umarci NBC ta fara ba kafafen sada zumunta lasisi.

Akwai kuma waɗanda za a iya bari a baya. Manomin da ke riƙe da ƙaramar waya mai madannai, yana tura kuɗi ta hanyar danna lamba, a kan 2G ya dogara. Ranar da kamfanoni suka ga tsohon layin ya zame musu nauyi, shi ne zai fara jin jiki.

Abu biyu ya kamata matasa su nema daga Majalisar Tarayya kafin zaɓen 2027: dokar da za ta hana katse sadarwa sai da umarnin kotu da wa'adi sananne, da kuma sharaɗin cewa ba za a rufe 2G ko 3G a wani yanki ba sai 4G ya wadata a can. Shafin IReV na hukumar INEC, wanda ɗora sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a kansa ya jawo ce-ce-ku-ce a 2023, shi ma a kan wannan igiyar yake tafiya.