Bututun ƙarfe: Abin da jami'in Abuja ya kamata ya tambaya kafin a binne shi a ƙasa

A ranar 5 ga Mayu, 2025, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida, wadda ta hana ma'aikatu da hukumomi sayo kaya daga waje matuƙar ana yin irinsu a Najeriya, sai da rubutaccen izini daga Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli, wato BPP. Cikin kayan da wannan manufa ta shafa kai-tsaye akwai manyan bututun ƙarfe na ruwa da iskar gas, waɗanda gwamnati ce babbar mai sayensu.

Wannan batu yana kusa da mazauna Abuja fiye da yadda da yawa suke zato. A Ushafa da ke Ƙaramar Hukumar Bwari, kamfanin SCC yana da masana'antar da ke ƙera bututun ƙarfe mai murɗaɗɗiyar walda. Daga nan aka samar da bututun da ke ɗauko ruwa daga madatsar Gurara a Jihar Kaduna zuwa madatsar Usuma, tafiyar kimanin kilomita 75, faɗinsa mita uku. Bayan kafa dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai da gas ta 2010, wadda ta haifar da hukumar NCDMB, kamfanonin Mobil da Shell sun sayi bututu daga wannan masana'anta. Akwai kuma ta kamfanin Yulong a yankin Lekki na Legas. Ke nan ana iya yin bututu a gida. Tambayar da ta rage ita ce: ta yaya jami'in da zai sa hannu a takardar biya zai san cewa abin da aka kawo masa mai inganci ne?

Yadda ake ƙera shi

Fahimtar aikin ita ce matakin farko. Ƙarfen yana zuwa masana'anta ne a naɗe kamar tabarma. Injin yana warware shi, ya miƙar da shi, ya gyara gefunansa, sannan ya riƙa murɗa shi a karkace har gefe ya haɗu da gefe ya zama bututu. Ana yi wa mahaɗar walda sau biyu, ta ciki da ta waje, wutar waldar na binne cikin wani garin sinadari da ke kare narkakken ƙarfe daga iska. Daga nan sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, galibi mita 12 kowace.

Amfanin wannan hanya shi ne, da fallen ƙarfe mai faɗi ɗaya ana iya fitar da bututu masu girma daban-daban, ta hanyar sauya kusurwar murɗawa kawai. Amma tana da nata nauyin. Tunda waldar tana kewaya bututun ne, tsawonta ya zarce tsawon bututun kansa, don haka wuraren da aibu zai iya ɓuya sun fi yawa. Ƙila iska ta shiga ta bar ƙananan ramuka, ko gefunan biyu su ƙi narkewa su haɗu sosai, ko ɗaya ya hau kan ɗaya, ko siririn tsagi ya ɓulla bayan ƙarfen ya huce. Akwai kuma gaɓar da ake haɗa ƙarshen wani naɗi da farkon wani, wadda injiniyoyi ke sa wa ido na musamman. Mafi yawan waɗannan aibobi ido ba ya ganin su, fenti kuwa yana rufe sauran.

Gwaje-gwajen da ba a tsallakewa

Ƙa'idar da duniya ta fi amfani da ita ga bututun mai da gas ita ce API 5L ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ISO 3183. Tana da mataki biyu, PSL1 da PSL2, na biyun ya fi tsauri kuma shi ake nema ga manyan layukan gas. Ga bututun ruwa kuma akan koma ga ƙa'idar AWWA C200.

Duba inganci yana farawa tun daga fallen ƙarfen. Kowane naɗi yana da lambar tukunyar da aka narka shi, kuma wajibi ne lambar ta bi kowane bututu har wurin da za a binne shi. Ana yanko samfuri a kai ɗakin gwaji, a auna sinadaran da ke ciki, a ja shi har ya tsinke, a lanƙwasa waldar, a kuma buge shi da wata guduma ta musamman don a ga ko zai farfashe. Ana bin waldar daga farko har ƙarshe da na'urar sauti mai gano tsagi a cikin ƙarfe, a ɗauki hoton bakunan bututun da irin hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi. Sai a toshe bakunan biyu, a cika shi da ruwa, a matsa shi fiye da matsin da zai ɗauka a bakin aiki. Ga manyan bututu, ƙa'ida ta ce a riƙe matsin aƙalla daƙiƙa 10, kuma kowane bututu ake yi wa, ba zaɓe ake yi ba. A ƙarshe, bayan an lulluɓe shi da rigar hana tsatsa, ana bin rigar da na'urar lantarki don gano huda ko da ta kai tsinin allura.

A ɗauki layin gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga Yuni, 2020. Tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40, kuma ya ratsa Babban Birnin Tarayya. Idan aka lissafa da mita 12, bututu sama da dubu 50 ke nan. Guda ɗaya tak mai aibu ya isa ya dakatar da layin baki ɗaya, ya kuma jefa ƙauyen da ke kusa cikin haɗari. Ga kuma layin Najeriya zuwa Maroko da ake shiryawa, wanda ya haura kilomita 5,000.

Takarda ba ta isa ba

A ofisoshinmu an saba ɗaukar takardar shaida a matsayin ƙarshen magana. Abubuwa biyu da suka faru a ƙasashen da suka ci gaba sun isa darasi.

A ranar 9 ga Satumba, 2010, wani bututun gas mai inci 30 ya fashe a garin San Bruno na Jihar Kalifoniya a Amurka. Mutum takwas suka mutu, gidaje 38 suka ƙone. Binciken gwamnatin Amurka ya gano cewa an binne bututun a 1956 da waldar da ba ta cika ba, alhali takardun kamfanin sun nuna bututun ba shi da mahaɗa ma sam. Waldar miƙaƙƙiya ce, ba murɗaɗɗiya ba, amma darasin ɗaya ne: aibun ya kwanta shekara 54 a ƙasa, fayil na cewa komai lafiya.

A Oktoban 2017 kuma, kamfanin Kobe Steel na Japan ya amsa cewa ma'aikatansa sun daɗe suna sauya alƙaluman gwajin kayan da suke sayarwa, lamarin da ya shafi ɗaruruwan kamfanoni ya kuma kai ga murabus ɗin shugabansa. Wannan ya nuna cewa zuwan kaya daga waje ba hujjar inganci ba ne, kamar yadda tambarin gida ba hujjar rauni ba ne.

A nan ne ya kamata jami'i ya san bambancin takardu biyu na ƙa'idar EN 10204. Mai lamba 3.1 masana'anta ce ke ba kanta, ta hannun sashenta na duba inganci. Mai lamba 3.2 kuwa sai wakilin mai saye ko wani mai bincike mai zaman kansa ya halarci gwajin ya sa hannu. Ta biyun ta fi tsada, amma kuɗinta ba komai ba ne idan aka kwatanta da tono titi a Maitama ko Kubwa don sauya bututun da ya fashe.

Inda gizo ke saƙar

Hukumomin da abin ya shafa suna da yawa: SON mai shirin MANCAP na kayan gida da SONCAP na kayan waje, NCDMB, NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, COREN mai kula da injiniyoyi, sai BPP. Yawan masu hannu a aiki yakan sa kowa ya ɗauka wani ya duba. Haka kuma, tunda masana'antar ƙarafa ta Ajakuta da aka fara tun 1979 ba ta kai ga samar da fallen ƙarfe ba, daga waje ake shigo da shi. Idan canjin dala ya tashi bayan an sa hannu a kwangila, sai matsin lamba ya koma kan sayen ƙarfe mai rahusa ko rage gwaji. Jinkirin biyan 'yan kwangila da wa'adin ƙaddamar da aiki na siyasa suna ƙara rura wannan wuta.

Saboda haka, aikin yana farawa ne daga takardar neman 'yan kwangila. A rubuta ƙa'ida da matakinta da darajar ƙarfen ƙarara, maimakon a ce "bututu mai inganci" kawai. A ware kuɗin mai bincike mai zaman kansa a kasafin aikin, kuma ma'aikatar ce za ta biya shi, domin wanda ɗan kwangila ke biya ba zai iya ce masa a'a ba. A nemi sakamako daga ɗakin gwajin da ke da shaidar ISO 17025. A ɗaura biyan kuɗi a kan kundin da ke nuna tarihin kowane bututu da lambarsa, a kuma adana kundin a na'ura inda sauyin ofis ko ritayar darakta ba za su ɓatar da shi ba. Sannan a yi wa bututun Ushafa da na Sin awo da mudu ɗaya.

Manufar fifita kayan gida za ta ɗore ne idan kayan suka ɗore. Fashewa ɗaya a layin da aka yi da bututun gida za ta ba masu son shigo da kaya hujjar shekara goma, ta kuma rufe ƙofa ga dubban matasa masu walda. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ga bututu, wannan rana ita ce ranar da yake kwance a masana'anta, kuma sa hannun jami'in da ke Sakatariyar Tarayya ne ke yanke hukuncin ko za a duba shi ko a'a.