Sharhi: Ƙaramin akwatin giya da ke sauya aikin leburanci a manyan mangazun Turai da Amurka

A ranar 21 ga watan Oktoban 2025 jaridar New York Times ta wallafa wani rahoto da ya tayar da hankalin ma'aikatan kamfanin Amazon. Jaridar ta ce ta ga takardun cikin gida da ke nuna kamfanin na son injuna su karɓi kashi 75 cikin 100 na ayyukansa, abin da zai sa ya kauce wa ɗaukar mutum fiye da 600,000 a Amurka nan da shekarar 2033. Amazon ya mayar da martani cewa takardun ba su nuna cikakken tsarinsa na ɗaukar ma'aikata ba. Watanni kaɗan kafin nan, kamfanin da kansa ya yi shelar cewa yawan mutum-mutumin da ke aiki a mangazunsa ya kai miliyan 1.

Hotunan da suka bi waɗannan labarai duk na mutum-mutumi ne. Amma a zahiri, yawancin tafiyar da kwali ke yi a cikin mangaza a kan bel mai jigilar kaya yake yin ta, kuma abin da ke jan wannan bel shi ne injin lantarki haɗe da akwatin giya. Na'ura ce da sau da yawa mutum ɗaya zai iya ɗaga ta da hannu. Raina kama ka ga gayya: a kanta kuɗin wutar mangaza ya rataya, rikicin ciniki tsakanin Sin da Amurka ya taɓa ta, kuma tana cikin abubuwan da za su nuna wane ɗan ci-rani zai ci gaba da samun aiki a irin waɗannan wurare.

Me akwatin giya ke yi?

Injin lantarki irin wanda masana'antu suka fi amfani da shi yana juyawa kusan sau 1,450 a minti ɗaya. In aka haɗa shi kai tsaye da gangar da ke jan bel, mai faɗin santimita 20, bel ɗin zai yi gudun kusan kilomita 55 a awa, gudun babur a kan kwalta. Babu kwalin da zai zauna a kai. Saboda haka ake saka akwatin giya tsakaninsu: ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora suna juya manya, gudu ya ragu, ƙarfin ja ya ƙaru. In aka rage juyin sau 15, bel zai koma tafiyar kusan mita ɗaya a daƙiƙa, ƙarfin da ke jan sa kuma ya ninka kusan sau 15. Duk wanda ya taɓa sauya giyar keke a kan hawa ya san wannan lissafi a ƙafarsa.

A babbar mangaza ba inji ɗaya ke jan komai ba. Ana raba hanyar kaya gunduwa-gunduwa, kowane yanki da injinsa da akwatinsa. Cibiyar rarraba kaya ta kamfanin UPS da ke Louisville a jihar Kentucky tana da bel mai tsawon kusan kilomita 250, kwatankwacin nisan Maraɗi zuwa Damagaram, kuma tana iya tantance ƙunshin kaya sama da 400,000 a awa ɗaya. A wuri irin wannan, akwati ɗaya da man cikinsa ya tsiyaye ko haƙoransa suka cinye zai iya tsayar da duk layin da ke bayansa, manyan motoci su yi ta jira a ƙofa.

Yaƙin rage kuɗin wuta

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa injunan lantarki da na'urorin da suke juyawa na shan kusan rabin wutar da duniya ke amfani da ita. Wannan ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2021, da ta hana shigar da yawancin injunan masana'antu masu ɓarnar wuta kasuwarta. Sai dai inji mai tsimi ba ya wadatarwa in akwatin da ke gabansa na zubar da ƙarfin.

Tsohon samfurin akwati, wanda ke aiki da ƙarfe mai murɗi kamar na kusar daurewa, yana da araha kuma ba ya ƙara. Matsalarsa ita ce haƙoransa gogar juna suke yi, don haka kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin, wani lokaci ma fiye, yakan tafi a zafi. Samfurin da haƙoransa ke mirginawa a kan juna kuwa asararsa ba ta cika wuce kashi 5 cikin 100 ba. A misali, in mangaza na da injuna 1,000, kowane na buƙatar ƙarfin kilowat ɗaya a bakin bel, suna aiki awa 16 a rana, bambancin samfuran biyu zai kai kusan kilowat-awa 7,000 kowace rana. Mai mangaza ba ya buƙatar wa'azi kafin ya sauya.

Sabon salon da ke yaɗuwa yanzu ya wuce nan. Ana cusa ƙaramin inji mai aiki da bolt 24 ko 48, tare da ɗan akwatin giyarsa, cikin bututun ƙarfen da kaya ke mirginawa a kai. Na'urar gani ce ke tayar da shi in kwali ya iso, ta kashe shi in ya wuce. Maimakon bel ya yi ta juyawa fanko daga safe zuwa dare, kowane yanki na aiki ne kawai in da kaya a kansa. Kamfanin Interroll na ƙasar Suwizalan na cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni, yayin da SEW-Eurodrive da Nord na Jamus, da Bonfiglioli na Italiya, ke cikin manyan masu ƙera injuna haɗe da akwatin giya.

Inda Sin ta riƙe wuya

Tsimin wuta ya zo da nasa tarkon. Tsohon inji waya ce ta tagulla da ƙarfe kawai. Ƙananan injunan zamani kuwa akasarinsu sun dogara da maganaɗisu mai ƙarfi da ake yi da wasu ma'adinai masu wuyar tacewa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na tace waɗannan ma'adinai da ƙera maganaɗisun a ƙasar Sin ake yi.

A ranar 4 ga watan Afrilun 2025, kwana biyu bayan shugaba Donald Trump ya sanar da sabbin harajin kwastan, Sin ta ce ba za a fitar da nau'i bakwai na ma'adinan, da maganaɗisun da ke ɗauke da su, ba sai da lasisi. Masu ƙera motoci ne suka fara ji a jikinsu: kamfanin Ford ya dakatar da aiki na mako guda a masana'antarsa ta Chicago a watan Mayu. A watan Oktoba Sin ta ƙara tsaurara matakan, sannan ta jingine ƙarin na tsawon shekara ɗaya bayan ganawar Trump da Xi Jinping a birnin Busan na Koriya ta Kudu ranar 30 ga watan. Jinginewa dai ba sokewa ba ce.

Ga masu gina mangaza, zaɓin ya zama mai wuya. In suka ɗauki inji mai maganaɗisu, sun rage kuɗin wuta amma sun ɗaura kansu a igiyar da ƙarshenta ke hannun Beijing. In suka tsaya kan tsohon inji, sun tsira daga wannan, amma dole akwatin giyar ya zama mafi inganci don rage asara. Ta kowace hanya, darajar akwatin da ta wanda ya iya gyaransa ƙaruwa take yi.

Aikin wa zai tafi, na wa zai zauna?

Aikin mangaza na cikin ƙofofin farko da baƙo ke shiga a Turai da Amurka, saboda ba ya buƙatar babbar takarda ko ƙwarewa a harshe: ɗauko kaya, cusa su a kwali, lodi a mota. Waɗannan su ne ayyukan da bel da mutum-mutumi suka fi saurin cinyewa. Tun da Amazon ya sayi kamfanin ƙera mutum-mutumi na Kiva a 2012 kan dala miliyan 775, tafiyar ma'aikaci tsakanin kantoci ta ragu; yanzu kaya ne ke zuwa wurinsa, shi kuma yana tsaye yana bin saurin da inji ya tsara masa.

Mangazar da kamfanin ya buɗe a Shreveport ta jihar Louisiana a 2024 ta nuna fuskokin lamarin biyu. Rahoton New York Times ya ce injuna sun sa an rage kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan da da an ɗauka. Amazon kuma ya ce irin wannan mangaza na buƙatar ƙarin kashi 30 cikin 100 na masu gyara da kula da injuna. Duka maganganun biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda, sai dai ba su daidaita a sikeli ba: masu gyara tsiraru ne tun asali, ƙarin kashi 30 a kansu ba zai cike gurbin ɗaruruwan leburori ba.

Abin da ake nema daga mai gyaran kuwa sananne ne: ya duba mai, ya gane zafin da ya wuce kima da ƙarar da ta sauya, ya daidaita bel da ya karkace, ya cire inji ya ɗora wani cikin mintuna, ya kuma karanta zanen wayoyi da saƙon da kwamfutar layin ke bayarwa. Rabin farko na wannan jeri duk yaron gareji a Maraɗi, Tawa ko Yamai ya san shi. Rabin na biyu, da takardar shaidar da ke tabbatar da shi, su ne gibin. A Faransa, alal misali, ba a barin ma'aikaci ya taɓa akwatin wuta sai da takardar izini da ake bayarwa bayan horo, komai ƙwarewar hannunsa.

A nan ne lamarin ya shafi gida. Makarantu irin su EMIG ta Yamai da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi na koyar da lantarki da kanikanci, kuma irin wannan haɗi na inji da akwatin giya da bel shi ke jan kaya a masana'antun siminti irin ta Malbaza da wuraren haƙar ma'adinai. Ilimi ɗaya ne ke aiki a Malbaza da Shreveport. Matashin da ke shirin tafiya da ƙarfin damtse kaɗai zai tarar da injuna sun riga shi layi. Wanda ya riga ya shiga mangaza kuwa, tambayar da ta fi cancanta ya yi wa shugaban sashensa ita ce yaushe za a buɗe horon masu gyara, kuma wace takarda ake nema kafin a shiga.