Labarin Nesa: Ƴar Ƙodago da ta Zama Mai Gona

Masu karatu, labarin wannan wata na wata ƴar wasan sinima ne. Sunanta Edwige Fenech. An haife ta a shekara ta 1948 a garin Annaba na ƙasar Aljeriya, maƙwabciyar Nijar ta arewa, zamanin mulkin Faransa. Daga baya ta koma Faransa.

Kyau ne ya buɗe mata hanya. A 1967 ta ci wata gasar kyau a Faransa, sai masu yin sinima na Italiya suka ɗauke ta aiki.

Lokacin nan Italiyawa suna yin wata irin sinima ta ban tsoro mai suna "jallo". Da harshensu, jallo shi ne ruwan ɗorawa, don tun 1929 littattafansu na labarin kisa suna da bango mai wannan launi. A ciki akwai mai kisa. Ya sa baƙar safar hannu, ya riƙe aska, ba a gane shi sai ƙarshe. Duk wasa ne fa, jinin ma na ƙarya ne.

Edwige ita ce matar da ake bi da askar. A 1970 ta yi aiki da Mario Bava. A 1971 Sergio Martino ya sa ta fito a matsayin Madam Wardh, matar da mijinta da saurayinta suka haɗa baki za su kashe ta saboda kuɗi. A 1972 suka ƙara yin biyu. Sunanta ya kai ƙasashe da yawa.

Amma fa ƙodago take yi a gonar wasu. Sau da yawa ko muryar da ake ji ba tata ba ce, wata mace ce ake ɗauka ta yi maganar daga baya. Kuma masu kuɗin sun fi kallon fuskarta da jikinta bisa ga gwanintarta. Irin wannan kasuwa ba ta jiran mace ta tsufa.

Ita ma ba ta jira ba. Ta koma aikin telebijin, sannan ta kafa kamfaninta, ta zama mai neman kuɗin aiki da ɗaukar ƴan wasa. A 1999 ta shirya wa telebijin na Italiya wasan "Commesse", labarin mata masu tsaron kanti. A 2023, tana da shekara 74, ta sake fitowa a sinima a wasan Pupi Avati.