Kafin ka ce baki ne ya kashe maka kifi, ka auna ruwanka?

1/ Matasa masu kiwon tarwaɗa a gida, ku matso. Yau zan taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wanda zai ji haushi ya ji. Yawancin kifin da ke mutuwa a tankunanmu mu ne muke kashe shi da hannunmu, sannan mu fito muna neman wanda ya yi mana baki.

2/ Ni ma na yi wannan wautar. Bara na zuba ƴaƴan kifi 500 a tankin roba a bayan gidanmu, nan Gidan Katta. Sati biyu suka daina ci. Wani ya leƙa ya ce, "Wanga baki na." Wani ya ce in fasa kafso, ja da yalo, in juye. Na juye. Abin da ya rayu bai kai 100 ba.

3/ Abin da ya buɗe min ido ba ma kifi ba ne. Akwai masu ajiye halittun teku a akwatin gilashi a Turai da Amurka. Cikinsu akwai wani dangin murjani, zoanthid, kamar ƙananan furanni. In wani abu ya dame shi sai ya dunƙule ya ƙi buɗewa, har kwanaki.

4/ Ka san tambayar farko da ake wa mai shi? Gishirin ruwanka nawa, ya kai giram 35 a lita kamar na teku? Zafi na tsakanin digiri 24 da 26? Ka sauya fitila ko ƙarfin famfo? Akwai ƙwaron da ke cin sa? Sai an gama wannan kaf ake zancen magani. Abu ɗaya suke canzawa, su jira su gani.

5/ Mu kuwa fa? Kifi ya ƙi ci da safe, kafin azahar an zuba kafso, gishiri, ganyen shuwaka, an ƙara da abinci wai ko zai ɗanɗana. In ya mutu ba ka san me ya kashe shi ba, in ya rayu ba ka san me ya cece shi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

6/ Ga abin da ke faruwa a tankin. Kifi na fitar da amoniya ta matsefinsa, ragowar abinci da kashi su ruɓe su ƙara. Amoniya guba ce, kuma dafinta na ƙaruwa in ruwa ya yi zafi ko ma'aunin pH ya hau. Tarwaɗa ta daina ci don ruwan na ƙona ta.

7/ Yanzu ka tuna inda muke. A Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, kai kuma ka dasa baƙin tanki a tsakar rana. Ruwa mai digiri 20 na riƙe iskar shaƙa kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya koma wajen 7.5. Ruwan burtsatse kuma da ƙarancin iska yake fitowa.

8/ Hunturu ma da nasa. In sanyi ya sauka tarwaɗa na rage ci, ɗabi'arta ce, ruwa mai ɗumi take so. Kai kuma ka ci gaba da watsa abinci kamar da, ya nutse ya ruɓe. Sabon kududdufin siminti da ba a jiƙa an wanke ba shi ma yana ɗaga pH.

9/ Kafson nan da kuke ji da shi fa? Akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke rage dafin amoniya a ruwa. Maganin na iya kashe su tare da na cutar. Ka biya kuɗi ka kori masu yi maka shara.

10/ Abin ma ya wuce tankinka. Kifin da aka ɗura wa magani yau, jibi yana kasuwar Illela, wani ya saya wa iyalinsa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi ƙamari.

11/ Na san me za a ce: "Wato kai ba ka yarda da kambun baka ba?" Ban ce haka ba, malam. Yi addu'arka safe da yamma. Amma ruwan da ya kwana biyar ba a sauya ba, warinsa har zaure, wannan sakaci ne, kar ka ɗora wa maƙwabciyarka.

12/ "Kayan awo da tsada." Haba. Kai da ka sayi buhun abincin kifi, ma'aunin zafi da takardar gwajin pH ne za su gagare ka? Ku haɗa kai ku biyar ku sayi na amoniya guda ɗaya, ku riƙa karɓa-karɓa.

13/ In kifi ya ƙi ci: tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, ba zai mutu ba. Sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan da wanda ya sha iska, mai zafi daidai da na tankin. Yi rumfa. Rage cunkoso. Rubuta abin da ka gani.

14/ In ka ga gyambo ko kumburin ciki bayan ka gyara ruwa, nemi likitan dabbobi. Shi zai faɗa maka maganin, yawansa, da kwanakin da za ka jira kafin ka sayar. Masana kifi na nan a Jami'ar Ɗanfodiyo, ga kuma cibiyar binciken kifi ta New Bussa.

15/ Bana na sake zubawa, tanki na ƙarƙashin rumfar zana, littafina na rataye a gefe. Duk wanda zai turo min hoton mataccen kifi yana tambayar sunan magani, ya fara turo min zafin ruwansa da ranar da ya sauya shi.