Ƴan Essendon, a rage murnar wasan share fage

Jama'a ku yi haƙuri, amma murnar nan da muke yi tun Fabrairu ta ishe ni. Duk shekara labari ɗaya: wane ya murje, wane ya ƙara gudu, bana kofin AFL namu ne. Haba!

A wasan share fage koci yana hutar da manya, yana gwada yara, ba mai son jin rauni kafin Maris. Maki nawa ake samu a teburi? Sifili. Ku tambayi Carlton: sun ɗauki kofin share fage a 2005, kaka ta ƙare su ne na ƙarshe. Brisbane kuwa ta sha kashi a wasanninta uku na farko a 2024, ita ce kuma ta lallasa Sydney da tazarar maki 60 ta ɗaga kofi.

Mu fa tun 2004 rabonmu da cin wasa ko ɗaya a zagayen neman kofi. Kofuna 16 muke taƙama da su, na ƙarshen a 2000. Yaran da aka haifa a shekarar wasu har sun yi aure.

Ni abin da zan duba shi ne kwata ta huɗu, lokacin da ƙafafu suka yi nauyi, ko za mu iya tsare gida. Mai cewa bana daban ce, mu haɗu a Satumba.