Mashawarcin Makaranta: Lallashi Kaɗai Ba Zai Wadatar Ba

Duk mai yaro a makarantar gwamnati a Amurka ya san ofishin da ake tura ɗalibi idan ya yi faɗa, ko makinsa ya faɗi, ko shirunsa ya yi yawa. Ofishin mashawarci ke nan. Da yawanmu mun ɗauka aikinsa ya zaunar da yaro, ya saurare shi, ya mayar da shi aji. In iyakarsa ke nan, ni dai ina ganin an yi asarar ma'aikaci.

Ku duba lissafi. Ƙungiyar mashawartan makarantu ta Amurka, ASCA, ta ce kamata ya yi mashawarci ɗaya ya riƙe ɗalibai 250, amma matsakaicin ƙasar ya haura 350. Shekarar karatu kuwa kwana 180 ce a yawancin jihohi. Ko kullum zai gana da yara biyu, kowane yaro sau ɗaya zai samu a shekara. Shi ya sa a tsarin aikin da ta fitar a 2003, ƙungiyar ta ɗora masa jagoranci, tsaya wa ɗalibi, da gyara tsarin makarantar kanta.

Mu ɗauki misali. Yarinya ta zo Bronx daga Yamai, takardunta da Faransanci, ba wanda ya tsaya ya karanta, sai aka jefa ta ajin lissafin da ta wuce tun shekara biyu. Mashawarci zai iya sauya mata aji, a ce masa sannu da ƙoƙari. Amma wanda ya samu horo na gaske zai buɗe rajista ya ga yara nawa aka yi wa haka, ya shiga wurin shugaban makaranta da alƙaluma a hannu, ya ce a sake yadda ake tantance baƙi. Haka batun tafinta: yaron da ya yi laifi shi ne ke fassara wa mahaifiyarsa ƙarar da aka kawo a kansa! Wannan ai gyaran ƙa'ida yake nema, ba rarrashi ba.

Abin fa ba sauƙi. Shugaban da za ka ce wa tsarinsa na cutar da yara, shi ne mai auna aikinka, kuma shi ke jibga maka jadawalin jarrabawa da tsaron ɗakin cin abinci. Don haka jami'o'in da ke ba da digiri na biyu a wannan fanni su koyar da karatun alƙaluma, da yadda ake ba malamar aji shawara ba tare da an ci fuskarta ba, da yadda ake musu da na sama cikin ladabi. A kai ɗalibansu zaman shugabanni tun suna koyon aiki.

Hukuma tana sauyawa in an matsa: a 2015 birnin New York ya sa Ƙaramar Salla da Babbar Salla cikin hutun makarantu, bayan shekaru ana nema. Sai dai mai gyaran da bai san mu ba zai iya gyara abin da bai ɓaci ba. To jama'a, ba kowane ɗa ne zai zama likita ko injiniya ba. Mai haƙurin sauraro a cikinsu, a nuna masa wannan hanya. A taron iyaye na gaba kuma, ku nemi mashawarcin, ku tambaye shi wa ke duba takardun yaran da suka zo daga waje, kuma wa ke yi wa iyaye tafinta.